Daga Ƙofar Rini Zuwa Firimiya: Ina Hanyar Take?

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma da maganar ƙwallo muka zo. Wanda ba ya kallon ƙwallo kada ya yi saurin wucewa, domin zancen bai shafi Arsenal ko Madrid ba. Zancen ƙannenmu ne da 'ya'yanmu.

Mu a nan Ƙofar Rini, da an sallame la'asar rana ta ɗan yi sanyi, za ka ga yara sun nufi fili. Filin yashi ne, ragar kuwa sanduna biyu ne da igiya a sama. Mai horar da su tela ne, da kuɗin ɗinkinsa yake sayen ƙwallo, in ta fashe ya kai a ɗinke. Kowa Koci yake ce masa, har iyayen yaran. Akwai wani yaro cikinsu ɗan shekara 15, bahago ne, in ya riƙe ƙwallo har masu wucewa a kan babur sukan tsaya. Wata rana muna zaune mahaifin yaron ya zo kiransa, Koci ya tashi ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, wanga yaro naka shina da ƙafa. A bar shi ya riƙa zuwa." Dattijon ya ce, "Na jiya, Koci. To in ya iya ɗin, daga nan ina za shi?"

Koci ya yi murmushi, ya ce Allah shi ne mai buɗi. Gaskiya ya faɗa. Amma duk wanda ke wurin ya san ba shi da wata amsa bayan wannan, kuma mu ma ba mu da ita. Tun ranar tambayar take cinmu, ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

A takarda hanyar tana nan. Akwai gasar Firimiya ta Najeriya, NPFL, mai ƙungiyoyi 20. Ƙarƙashinta akwai NNL, inda Sokoto United take. Ƙarƙashin wannan akwai NLO. Sai gasannin jihohi da na unguwanni. In ka zana su a allo, tsani ne sak. Sai dai tsanin namu an fi kula da matakin can sama, ana goge shi ana shafa masa fenti duk bayan 'yan shekaru, matakan ƙasa kuwa gara ta cinye su. Yaron da ke tsaye a yashin Ƙofar Rini yana hangen saman, amma babu inda zai ɗora ƙafarsa ta farko.

Kada a ce ba a taɓa gyara ba. An yi ta yi. An fara gasar ƙasa a 1972, aka mayar da ita ta ƙwararru a 1990. Aka zo aka miƙa ta ga kamfanin LMC, wanda Shehu Dikko ya daɗe yana shugabanta. A 2022 gwamnati ta ce ba ta san da zaman LMC ba, aka kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye. A 2023 aka sake wa gasar suna. Kuɗin kyauta ma ya hau: Enyimba ta karɓi naira miliyan 100 a 2023, Rangers ta karɓi miliyan 150 a 2024, Remo Stars ta karɓi miliyan 200 a 2025. Kuma a yaba inda ya kamata: yanzu ana fara kaka a gama ta. Wanda ya tuna 2018, lokacin da aka tsayar da gasa a tsakiya saboda rikicin shugabancin NFF aka ce Lobi Stars da ke saman teburi ta je ta wakilci ƙasa, ya san wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

To amma duk waɗannan gyare-gyare, wanne ne ya amsa tambayar dattijon nan? Miliyan 200 ƙungiya ɗaya ke ɗauka cikin 20. Sabon suna ba ya saya wa Koci ƙwallo.

Ra'ayinmu shi ne a daina gyaran gasa daga sama. A sake gina ta daga taswirar ƙasar, a raba ta bisa yanki, sannan abin da aka rage na kuɗin hanya a ɗaure shi da sharaɗin renon yara. Bari mu yi bayani, kuma ba za mu ɓoye inda maganar tamu ke da rauni ba.

Mu fara da hanya, domin wanda bai taɓa zama a motar 'yan wasa ba ba zai gane ba. A ce gobe Allah ya ɗaga Sokoto United ta hau Firimiya. Za ta je Uyo, ta je Fatakwal, ta je Aba, ta je Yenagoa. Kowace ɗaya cikin waɗannan tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, a bas, a kan hanyoyin da muka sani. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, a buga wasa a tsakani. Ɗan wasan da ya kwana a kujerar mota ƙafarsa ta kumbura, me zai buga? Mun daɗe muna cewa a gasar Najeriya mai gida ne ke ci, muna ɗora laifin duka a kan alƙalan wasa da magoya baya. Suna da nasu kason, babu musu. Amma baƙon da ya iso a gajiye an riga an ci shi rabin ci tun kafin a hura usur.

Ba gajiya kaɗai ba ce. A Maris 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya Owerri, aka raunata 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo Muhammad. A Fabrairu 2021 motar Wikki Tourists ta Bauchi ta ƙone ƙurmus a Hawan Kibo suna hanyar Uyo, Allah ya kiyaye rayuka. A wannan watan dai aka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore aka sace direbansu. Wace uwa ce a Sakkwato za ta ji waɗannan labarai ta saki ɗanta ɗan shekara 16 ya bi irin wannan mota?

Wani zai ce ai an taɓa raba gasar gida biyu. Haka ne, an yi a 2019, an kuma yi a 2023, duka biyun aka ƙare da wasan ƙungiyoyi shida a Legas, duka biyun Enyimba ta ɗauka. Amma wancan rabo na gaggawa ne don a cim ma lokaci, ba a yi shi don rage nisa ba. A 2023 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Akwa United ta Uyo rukuni ɗaya aka saka su. An rage yawan wasanni, hanyar kuwa tana nan yadda take. Abin da muke nufi daban ne: rukunin Arewa da rukunin Kudu na dindindin, kowanne da ƙungiyoyi 12, a buga gida da waje, sannan na saman kowane rukuni su haɗu a zagayen ƙarshe, shi ma gida da waje, ba a kwashe su a kai Legas a gama cikin kwana goma ba. Mutumin Kano da ya bi ƙungiyarsa kaka guda yana da hakkin ya ga wasan da zai yanke hukunci a filin Sani Abacha.

NNL kuwa, wadda ita ta fi shafarmu, a ƙara yanka ta ƙanana. Tana da rukunin Arewa da na Kudu tun da daɗewa, amma Arewa ɗin ai duniya ce. Daga Sakkwato zuwa Yola ko Maiduguri ba kusa ba ne. A yi rukunin Arewa maso Yamma shi kaɗai: Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Kaduna. Birnin Kebbi tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka daga nan. A tashi da safe, a buga da yamma, a kwana gida. Ba kuɗin otal, ba alawus ɗin kwana huɗu. Ƙungiyar da wani ɗan kasuwa ya kafa da ɗan abin hannunsa za ta iya jure irin wannan gasa. Wadda ake yi yanzu sai gwamnati ko mai kuɗin gaske.

Mun san abin da za a jefe mu da shi. Na farko, za a ce ƙwallo ce kaɗai ta rage tana haɗa ƙasar nan, ku kuma kuna so ku raba ta Arewa da Kudu. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma mu tambayi kanmu, ziyarar da ƙungiya ke yi ta iso gari da dare, ta buga gaban 'yan kallon da babu nata ko ɗaya, ta fice da rakiyar 'yan sanda, wane zumunci ta ƙulla? Ga Kofin Ƙalubale nan, wanda yanzu ake kira kofin shugaban ƙasa, yana haɗa kowa da kowa, El-Kanemi ta ɗauke shi a 2024. Ga zagayen ƙarshe da muka ambata. Haɗuwar da ba ta da yawa amma tana da daraja ta fi ta kullum da ba mai kallo. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wadda ta fi mu faɗi kuma ta fi mu matsalar hanya, ta sha raba gasarta bisa yanki, kuma hakan bai hana TP Mazembe zama abin tsoro a Afirka ba.

Na biyu, za a ce rukunin Arewa zai fi rauni, ƙungiyoyin da ba su cancanta ba za su samu gurbi. Wataƙila a shekarun farko. Amma wa ya ce Arewa ba ta da tarihi? Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. Pillars ta ci a 2008, ta kuma jera uku a 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Plateau United ta ci a 2017. Inda aka yi wannan za a iya sake yi.

Na uku shi ne wanda ya fi damunmu, domin laifin namu ne. Wasan maƙwabta yana kawo jama'a, yana kuma kawo rigima. A Afrilu 2022, bayan wasan Pillars da Katsina United a Kano, aka farfasa motar baƙin. Aka ci Pillars tara, aka cire mata maki, ƙarshen kaka ita da Katsina United duka suka faɗa NNL. In za a yawaita irin waɗannan wasanni, dole hukuncin ya zama mai zafi kuma iri ɗaya ga kowa, kuma kuɗin alƙalan wasa ya riƙa fitowa daga hukumar gasa kai tsaye, kada mai gida ya san masaukinsu balle ya kai musu abinci. Mu magoya baya kuma mu ji kunya. Ba za mu nemi a kawo mana ƙwallo kusa da gida ba alhali muna jifan baƙi.

Yanzu ga inda maganar ta dawo kan yaron Ƙofar Rini.

Mafi yawan ƙungiyoyin Firimiya na gwamnatocin jihohi ne. Gwamna ke naɗa shugaban ƙungiya, kuma shugaban ya san kujerarsa ba ta da tabbas. In ƙungiya ta faɗi wannan kaka, an cire shi. To me zai sa ya ɓata kuɗi a kan yaro ɗan shekara 15 wanda ba zai amfane shi ba sai bayan shekara huɗu, lokacin wani ne a kujerar? Abin da yake yi shi ne ya sallami rabin 'yan wasa a ƙarshen kaka, ya kwaso wasu da suka riga suka zaga ƙungiyoyi biyar ko shida. Su ne dai fuskokin, riga kawai suke canjawa. Ba mugunta ba ce, tsarin ne ya koya masa haka. Shi ya sa wa'azi ba zai yi aiki ba, sai doka.

Jamus ta yi irin wannan doka. Bayan ta sha kunya a gasar Turai ta 2000, aka wajabta wa kowace ƙungiyar Bundesliga ta buɗe makarantar renon yara, in ba haka ba babu lasisin shiga gasa. A 2014 suka ɗauki kofin duniya da yaran da suka fito daga waɗannan makarantu. Ba mu da kuɗin Jamus, amma sharaɗin ba ya buƙatar kuɗin Jamus. Abin da muke nema shi ne kowace ƙungiyar Firimiya da ta NNL ta kasance da tawagar 'yan ƙasa da 17, kuma tawagar ta buga gasa ta gaske, kowane mako, tsawon kaka. Hanya mafi sauƙi ita ce yadda ake yi a da: yara su buga wasan share fage kafin manya su shigo. In Sokoto United za ta karɓi baƙi a filin Giginya da ƙarfe huɗu, yaran ƙungiyoyin biyu su buga da ƙarfe biyu, ko da safe in zafi ya yi yawa, don mun san ranar Sakkwato a watan Afrilu. Fili ɗaya, rana ɗaya, ayarin mota ɗaya. Wannan ba zai yiwu ba in tafiyar ta kwana huɗu ce, yaro yana makaranta. Zai yiwu in tafiyar ta Birnin Kebbi ce ko Gusau ranar Asabar. Kun ga inda rabon yanki da renon yara suka haɗu. Ɗaya ba ya tsayawa sai da ɗaya.

An yi ƙoƙarin gasannin yara, ba mu manta ba. An yi ta 'yan ƙasa da 15 tare da LaLiga ta Sifaniya, an kuma fara ta 'yan ƙasa da 17. Ga Kofin Ramat da ake yi a Kano shekara da shekaru. Matsalarsu ɗaya ce: 'yan kwanaki ne. A tara yara, a buga mako ɗaya ko biyu, a ɗauki hoto, a watse. Wata ƙungiyar ma sai gasa ta matso take aro yara daga unguwa ta saka musu rigarta. Yaro ba ya zama ɗan wasa da wasa biyar a shekara. Yana buƙatar 25 ko 30, da koci ɗaya da ya san shi, da filin da ya saba.

Sannan a buɗe musu ƙofar shiga cikin manya. Meziko ta taɓa kafa dokar da ta tilasta wa kowace ƙungiya ta ba matasa 'yan ƙasa da shekara 21 adadin mintuna a kaka, wadda ta gaza a cire mata maki. Sin ta kawo tata dokar a 2017, ta ce dole a fara wasa da ɗan ƙasa da 23, sai masu horarwa suka riƙa saka yaro su cire shi bayan minti goma sha. Mun san halinmu, irin ta Sin za mu yi in aka ba mu dama. Don haka mintuna za a ƙirga, ba suna a takarda ba.

Nan kuma sai mu taɓo abin da ba ma son faɗa: shekaru. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Babu ƙasar da ta kai mu. Amma a 2016, muna riƙe da kofin, gwajin ƙashi na asibiti ya zubar da 'yan wasa fiye da 20 daga sansanin tawagar ana gab da wasa, maƙwabtanmu Nijar suka fitar da mu, su suka wuce har gasar duniya a Indiya a 2017. Duk wata dokar matasa da za a kafa, in ba a toshe wannan ƙofa ba, masu gemu ne za su cinye gurbin yara. Maganin ba ya wuce rajista tun da wuri. Yaro ya shiga kundin hukumar ƙwallo ta jiha tun yana ɗan 12, da lambarsa ta NIN da takardar makarantarsa, da sunan ƙungiyar unguwar da ke horar da shi. Wanda aka rubuta yana ɗan 12 a bana ba zai dawo ɗan 15 bayan shekara bakwai ba.

Wannan rajista tana da wani amfani da yawancin masu horarwar unguwa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi ba mu takaici. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma kuɗin horo da ake biya in ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin sawun waɗannan kuɗaɗe. Amma ofishin takarda yake bi. In babu inda aka rubuta cewa yaron ya yi shekara huɗu a hannun Koci, to Koci ba shi da ko sisi, ko da an sayar da yaron miliyoyin Yuro. Ku yi lissafi da kanku: ɗan wasan da aka saya Yuro miliyan 2, kashi 5 ɗinsa dubu 100 ne. Ko rubu'in wannan ya faɗo a Ƙofar Rini, an sayi ƙwallaye da takalma na shekaru, an kafa raga ta ƙarfe.

Rashin wannan hanya ne ke jefa yara hannun 'yan damfara. Mun gani da idonmu. Wani mutum ya zo garin nan da jaka da hotuna a waya, ya ce shi eja ne, yana kai yara gwaji Turai. Wani maƙwabcinmu ya sayar da filinsa ya ba shi. Yaron bai wuce wani gari a gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba, ya yi watanni a ɗaki ɗaya da wasu yara irinsa, sai da 'yan uwa suka yi karo-karo aka dawo da shi. Yau ko kallon ƙwallo ba ya yi. Da mahaifin ya san dokar FIFA ta hana kai yaro ɗan ƙasa da 18 wata ƙasa don ƙwallo, in ban da 'yan keɓantattun dalilai, da bai saki filinsa ba. Amma ba ma ganin wautarsa. Mutum ne da ya ga ɗansa na da baiwa, ya duba gabas da yamma bai ga ƙofa ba, sai ga wani ya nuna masa taga.

Kuma kada a ce ɗan Sakkwato ba ya kaiwa. Shehu Abdullahi ɗan garin nan ne. Ya yi Kano Pillars, ya buga wa Najeriya gasar 'yan wasan gida ta CHAN a 2014, ya fita Kuwait, ya wuce Fotugal da Cyprus da Turkiyya, ya ci tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya je kofin duniya a Rasha a 2018. Hanyarsa ta bi ta gasar gida. Haka Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/2010 yana matashi kafin ya tafi Holan. Haka Sunday Mba, ɗan gasar gida da ya ci ƙwallon da ta ba mu kofin Afirka a 2013. Amma dubi na bayansu. Kelechi Iheanacho da Victor Osimhen daga makarantun ƙwallo suka wuce Turai, ba su taka Firimiyar Najeriya ba. Gasar tamu ta zama abin da mai baiwa ke tsallakewa. Sakamakon mun gan shi a Agusta 2025, lokacin da Sudan, ƙasar da ke cikin yaƙi, ta ci tawagarmu ta 'yan wasan gida 4 da nema a CHAN.

Wanda ke shakkar renon yara na biya, ya dubi Ikenne, wani ƙaramin gari a jihar Ogun da bai kama ƙafar Sakkwato a girma ba. Kunle Soname, mai Remo Stars, ya gina fili a can, ya buɗe makarantar Beyond Limits. A 2024 yaran makarantar suka ci gasar matasa ta Viareggio a Italiya. A 2025 Remo Stars ta ci Firimiya, ƙungiya mai zaman kanta ta farko da ta yi haka tun Ocean Boys a 2006. A Senegal, Génération Foot da ta fitar da Sadio Mané makaranta ce, kuma ta ci gasar ƙasarsu fiye da sau ɗaya. Maroko ta buɗe makarantar Muhammad na Shida, daga cikinta En-Nesyri da Ounahi da Aguerd suka fito suka kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2022.

Sai dai labarin Beyond Limits yana da wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. A 2024 ita ta zo ta ɗaya a zagayen ƙarshe na NNL, zagayen da Sokoto United ma ta kai amma ba ta haye ba. Da yake mai ita ɗaya ne da Remo Stars, ba za su zauna a gasa ɗaya ba. Sai gurbin ya koma hannun Heartland ta Owerri, wadda ta faɗo daga Firimiya a wannan kakar. Ƙungiyoyin da suka yi gumi a fili suna kallo, wadda ta faɗi ta dawo ta ƙofar baya. Shekara guda bayan haka ta sake faɗuwa. Muddin gurbi abin ciniki ne, babu dalilin da zai sa wani ya yi haƙurin gina ƙungiya daga ƙasa. A soke wannan ciniki. In gurbi ya zama babu mai shi, a ba wanda ke biye a teburi.

Matakan ƙasa kuma suna buƙatar ido. Ba mu manta 2013 ba, lokacin da a wasannin neman hayewa aka tashi 79 da nema a wani fili, 67 da nema a wani, Plateau United Feeders da Police Machine kowacce na neman ta fi ɗaya yawan ƙwallaye. Duniya ta yi mana dariya. Yau kusan kowane matashi na da wayar da za ta ɗauki wasa daga farko har ƙarshe. A wajabta ɗaukar kowane wasan NNL da NLO a ajiye. Alƙalin da ya san ana ɗaukarsa yakan yi tunani sau biyu, kuma yaron da ya yi abin kirki a Giginya yana da abin nunawa ba sai ya bi ta hannun mai jaka ba.

Akwai abin da ba sai mun jira Abuja ba. Hukumar ƙwallo ta jiha za ta iya haɗa ƙungiyoyin Ƙofar Rini, Mabera, Runjin Sambo, Gidan Igwai, Rijiyar Ɗorowa, Arkilla da sauransu a gasa ɗaya mai teburi, mai hawa da sauka, wadda zakaranta zai wuce NLO. Ba irin kofin da ɗan siyasa ke sakawa gab da zaɓe ba, a raba riguna masu hotonsa, in an gama zaɓe a manta. Masu kuɗin garin nan da ke kashe dare suna musu a kan Manchester United, ɗaya daga cikinsu zai iya ɗaukar nauyin alƙalan wasa na kaka guda bai ji a jikinsa ba. Mu kuma da ke biyan kuɗin gidan kallo kowane Asabar da Lahadi, yaushe rabonmu da shiga Giginya mu sayi tikiti?

Yaron nan bahago yana nan yana zuwa fili, amma ba kullum ba. Mahaifinsa ya sa shi a shagon wani ɗan uwansu a kasuwa, sai ranar da ciniki ya yi sauƙi ake sakinsa. Koci ya ce a makon jiya ya je neman yadda zai yi wa yaransa rajista, an ce ya dawo wani makon. Bana yaron zai cika 16.